Shekarar da Ishaya Ya Dawo da Wuƙaƙe

Na san kun ji labarin nan a bakin mutane, kowa da yadda yake faɗinsa. Wasu sun ce muku an koro ubanku daga Japan ne saboda ya soki mutum. Wasu sun ce kakanku mugun mutum ne. Wasu kuma sun ce ni, Rifkatu, na bar gidan mijina da furfura a kaina. Na ƙarshen nan ne kaɗai yake da gaskiya a ciki, shi ma ba yadda ake baza shi ba. Tunda har yanzu hannuna yana iya riƙe biro, gara in rubuta muku da kaina, ku 'ya'yan Ishaya, domin ranar da babu ni ku san abin da za ku amsa.

Ubanku shi ne autanmu, shi kaɗai ne kuma namiji. Kakanku Bitrus ya yi aikin reluwe a nan Kafanchan har ya karɓi fensho, ni kuwa ina koyarwa a firamare. Dattijon ikilisiya ne, mutum ne da ba ya ɗaga murya, ko kaza ce ta shiga ɗakinsa sai ya buɗe mata ƙofa ya jira ta fita. Da Ishaya ya samu tallafin karatu zuwa Japan don ya karanta aikin injiniyan jirgin ƙasa, tallafin bai haɗa da kuɗin tafiya da na zaman farko ba. Bitrus ya sayar da gonar da ya gada a gindin dutsen Kagoro. 'Yan'uwansa sun daɗe ba sa amsa gaisuwarsa a kan wannan. Bai damu ba. Duk wanda ya yi masa maganar sai ya ce jirgin da ya yi wa bauta ya mutu a kan idonsa, ɗansa ne zai dawo ya tashe shi. Shekarun da Ishaya ya yi a can, kowace Lahadi muna magana da shi ta waya bayan sujada. Kullum ya ce karatu lafiya, sanyi ne kawai. Ba mu taɓa tambayarsa fiye da haka ba, don ba mu ga dalilin tambaya ba.

Shekarar da zan ba ku labari shekara ce ta tsoro. Ana kai wa ƙauyuka hari, kowane gari ya sa matasansa suna tsare hanya, suna sauke fasinja suna bincika kaya. Lokacin girbin citta ne. Ina zaune a tsakar gida da rana ina tsaga citta don shanya, sai wayata ta yi ƙara da lambar da ban sani ba. Wani namiji ya tambaya ko ni ce uwar Ishaya Bitrus. Na ce ni ce. Ya ce sun riƙe shi a shingensu, a wani ƙauye kan hanyar Gwantu, sun same shi da makamai, in zo da kaina in ina son ganinsa. Na ce masa ya yi kuskuren lamba, ɗana yana Japan, sai Kirsimeti zai zo. Sai na ji an miƙa wa wani wayar.

"Mama, ni ne. Ki zo, don Allah. Kada ki gaya wa Baba tukuna."

Bitrus ya tafi taron dattawa a ranar, wayarsa a kashe. Ban san yadda na sa takalmi ba. Maƙwabcinmu mai tasi ne ya kai ni, duk hanya ina addu'a, ban ma san abin da nake roƙo ba. Da muka isa na hango taron mutane a gindin mangwaro. Ishaya yana zaune a ƙasa, ba takalmi, an ɗaure masa hannu da igiyar akuya. A kan benci kusa da shi an shimfiɗa wani baƙin ƙyalle mai aljihuna, wuƙaƙe uku suna kwance a kai. Ban taɓa ganin irinsu ba. Ɗaya doguwa ce mai faɗi, ɗaya ta fi ta tsawo amma siririya kamar ganyen rake, ta ukun ƙarama. Mariƙansu na farin katako ne. Ƙarfensu ba ya sheƙi irin na wuƙaƙen kanti, ya yi duhu-duhu da shuɗi, bakin kaifin ne kawai yake walƙiya. A jikin kowace an sassaƙa wani rubutu da ba boko ba, ba kuma Larabci ba. Wannan rubutun ne ya fi tayar musu da hankali, wasu suna cewa asiri ne.

Shugaban 'yan sintirin ya zo gabana da bindigar toka a kafaɗa.

"Mama, wannan ɗanki ne?"

"Ɗana ne."

"Mene ne sana'arsa?"

"Injiniya ne," na ce da ƙarfi, don kowa ya ji. "Injiniyan jirgin ƙasa. Daga Japan yake."

Aka ɗauki guna-guni. Shugaban ya juya ya kalli Ishaya, ya sake kallona.

"To shi ya ce mana kuku ne. Ke kin ce injiniya. Cikinku wa ke yi mana ƙarya?"

Na ga wani saurayi ya gyara riƙon sandarsa. A nan na gane amsata ta ƙara jefa ɗana cikin haɗari, amma ban gane ta yaya ba. Ishaya bai ɗago kai ba ya yi magana.

"Mama ba ta sani ba. Mama, na bar makarantar da daɗewa. Abinci nake dafawa. Wuƙaƙen aikina ne. Abin da na zo in faɗa muku ke nan."

Na tsaya ina kallon bakinsa. Na ji kalmomin sarai, amma sun ƙi zama a kaina. Sai wata mata mai sayar da kayan miya a gefen shingen ta ce in dai kuku ne a ba shi albasa a gani. Aka kwance shi. Ya roƙi katako mai tsabta, aka kawo murfin akwati, ya wanke shi, ya wanke hannunsa, duk suna tsaye a kansa. Ya ɗauki wuƙar mai faɗi, ya naɗe yatsun hagunsa a kan albasar. Ban ji ƙarar yanka ba, sai ɗan taɓin ƙarfe a katako. Kafin in haɗiye yawu albasar ta zube, kowane yanki siriri har ana ganin katakon ta cikinsa. Ya ɗauki tumatir nunanne, wanda wuƙata sai ta matse shi ya fashe, ya ratsa shi sau da yawa bai zubar da ruwa ba. Ya goge wuƙar da gefen rigarsa nan take, ya ajiye. Matar ta ɗaga yanki ɗaya ta duba a rana ta ce wannan ba hannun koyo ba ne. Duk da haka ban tabbata za su sake shi ba, sai da wani magidanci a cikinsu ya matso ya ƙura mini ido ya ce, ashe Malama Rifkatu ce, na koyar da shi a aji uku. Shi ya tsaya mana. Suka mayar masa da takalmansa, suka ce ya yi haƙuri, zamani ne.

A cikin tasi muka kama hanyar gida har muka wuce Gidan Waya. Can na tambaye shi tun yaushe ya bar makarantar. Ya ce tun shekararsa ta biyu. Ya fara wanke kwanuka a wani ƙaramin gidan abinci don ya samu na kashewa, karatu kuma yana ba shi wuya, harshen yana ba shi wuya, ya faɗi jarrabawa, aka janye tallafin. Tsohon da ke da gidan abincin ya riƙe shi, ya yi masa takardun zama, ya fara koya masa. Ya ce ranar da aka fara ba shi kifi ya gyara, ya ji abin da bai taɓa ji a aji ba. Kowace Lahadi yana niyyar faɗa mana, sai ya ji muryar ubansa ya fasa.

Da yamma muka zauna a falo, ya durƙusa ya faɗa wa Bitrus duka. Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi kuka. Ya cire tabaransa, ya naɗe, ya sa a aljihu.

"Kuku," ya ce.

"I, Baba."

"Kana dafa wa mutane, kana kai musu."

"I, Baba."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Daga ranar duk abin da Ishaya ya sa wa hannu, Bitrus ba ya ci. Ba ya faɗa, ba ya zagi. Ya duba kwano kawai, in ya ga yankan ganyen ba irin nawa ba ne, sai ya rufe ya ture.

Ni ma ina fushi, kada ku ɗauka ban yi ba. Amma kicin ɗaya muke shiga da ubanku, kuma mace ba ta iya zama da abu a kicinta ba ta taɓa shi ba. Wata safiya ya fita, na zare wuƙar mai faɗi daga kubenta na katako. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin nauyinta. Na ɗauki kuɓewa na riƙe a hannu, na kawo wuƙar zuwa babban yatsana yadda uwata ta koya mini, yadda kowace mace a ƙasar nan take yi. Ban ji zafi ba. Jini kawai na gani yana ɗiga a cikin kwano. Na yar da wuƙar a cikin baho na je ɗaure hannu. Da ya dawo ya tarar da ita a jiƙe, har ta fara jan tsatsa a gefe. Ya duba yatsana tukuna, sannan ya ɗauko ta ya zauna yana gogewa.

"Mama, wannan ba a yanka da ita a hannu. Sai a kan katako. Ba a barinta da ruwa ko na ɗan lokaci. In kin yanka albasa ko lemon tsami ki goge nan da nan. Ba ta sara ƙashi, ba ta yanka kifin ƙanƙara."

"To wace irin wuƙa ce wannan, mai dokoki kamar asibiti?"

Ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun dawowarsa. Ya ce baƙin ƙarfe ne, ɗan'uwan wanda maƙeranmu suke ƙera wuƙar tsaga citta da shi, shi ya sa take tsatsa. Bambancin shi ne an gasa wannan ta yi tauri ƙwarai, don haka take ɗaukar kaifin da farar wuƙar kanti ba za ta taɓa ɗauka ba, ta kuma riƙe shi. Taurin nan kuwa shi ne rauninta, ba ta lanƙwasa, sai dai ta ɓalle. Duhun da ke jikinta ba datti ba ne, ruwan nama da na albasa ne suka rina ta a hankali, yana kare ta daga tsatsa, kada in ce zan goge shi da toka. Na tambaye shi a wace kasuwa ya saya. Ya ce maigidansa ne ya kai shi wani gari na maƙera, wajen wani tsoho da yake ƙera su ɗaya-ɗaya da guduma. Tsohon bai tambaye shi wadda yake so ba. Ya kama hannunsa ya juya, ya tambayi abin da ya fi yankawa a rana, da hannun da yake aiki da shi, sannan ya jera masa wasu ya ba shi kayan lambu ya ce ya yanka. Ishaya ya ce idonsa yana kan wata mai ado kamar ruwa yana gudu a jikinta, amma da ya riƙe ta sai gabanta ya rinjayi hannunsa. Wannan mai faɗin kuwa da ya ɗauka, ya yi ta yanka har ya manta yana riƙe da wani abu. Tsohon ya ce ita ce tasa, ya zauna a gabansa ya sassaƙa sunansa a jikinta, haka ma a jikin sauran biyun. Ashe asirin da ya kusa sa a kashe shi a hanyar Gwantu sunan da muka raɗa masa ne, Ishaya, da rubutun mutanen can.

Cikin makonnin nan na koyi naɗe yatsu, na koyi tura wuƙa gaba maimakon dannawa. Na ga yadda yake jiƙa duwatsun wasa a ruwa, yana bin kaifin a hankali daga dutse mai kaushi zuwa mai laushi, ba irin gogawar da muke yi a bakin siminti ba. Na ga ya ɗauki siririyar nan ya raba karfasa da ƙayarta da ja ɗaya. Na ci gwaten accan da ya yi, har na nemi ƙari. Ban yafe masa ƙaryar ba, amma na daina ganin aikin a matsayin abin kunya.

Sai Lahadin da abin ya faru. Labari bai gama zagayawa ba, fastonmu kuma baƙo ne. A lokacin sanarwa ya ce a tafa wa injiniyanmu da Ubangiji ya dawo mana da shi lafiya. Wasu suka tafa. A bayan coci wani ya yi dariya, ƙarama, amma kowa ya ji. Bitrus yana zaune a gaba cikin dattawa, bai motsa ba. Ishaya ya riga mu komawa gida don an roƙe shi ya taimaka da abincin wani biki da yamma. Da muka shiga muka tarar da shi a tsakar gida yana wasa wuƙar nan mai faɗi, ya sa farar rigarsa ta aiki mai maɓallai layi biyu, wadda ya zo da ita daga can. Ranar ce ubansa ya fara ganinsa a cikinta. Bitrus ya tsaya cak a bakin ƙofa. Na ga fuskarsa ta canja yadda ban taɓa gani ba. Ya ajiye Littafi Mai Tsarki a kan kujera, ya taka zuwa wurin yaron, ya miƙa hannu. Ishaya ya ɗauka yana so ya gani ne, har fuskarsa ta saki, ya juya mariƙin ya ba shi da hannu biyu. Akwai guntun ƙarfen dogo a gindin katanga, wanda Bitrus yake miƙe ƙusa a kai. Ya ɗaga wuƙar ya maka a kansa. Bugu na farko bakin ya ɓare. Na biyu ta rabe, gaban ya yi tsalle ya faɗa cikin cittar da na shanya.

Ishaya ya durƙusa yana laluben gutsuren a cikin citta. Ni kuwa mijina nake kallo, mutumin da na zauna da shi tun ina budurwa, ban taɓa ganin ya jefi ko kare ba. Yana haki, ragowar wuƙar tana hannunsa.

"Cire rigar nan," ya ce. "In ba za ka cire ba, ka bar mini gida."

"Baban Ishaya," na ce, "me ka yi haka?"

"Ke ma kin iya binsa."

Na tabbata bai yi zaton zan bi ba. Ni ma ban yi zato ba. Amma yaron nan kwanan baya na gan shi a ƙasa da igiya a hannu, na kuma san in ya fita daga gidan nan shi kaɗai, zai koma Japan ba za mu sake ganinsa ba. Na shiga ɗaki na haɗa zannuwana a jaka. Ina da shago kusa da kasuwa inda nake tara citta, da ɗaki ƙarami a bayansa. Can muka koma. Muka kwashe buhuna gefe, muka sa tebur biyu, Ishaya ya fara sayar da abinci. Ya kai rabin wuƙar wajen wani maƙeri suka rage ta tare, ya ƙarasa gyaranta a kan duwatsunsa, ta zama gajeriya. Da ita da sauran biyun ya fara.

Abin ya ci mini da yawa. A lokacin ni ce shugabar zumuntar mata. Aka aiko mini mata biyu suka ce in sauka har sai na gyara gidana. Na sauka, ba a kuma sake zaɓena ba har yau. 'Ya'yana mata suka kira daga Kaduna da Jos suna cewa na kunyata ubansu, babbar ta daina kirana. A kasuwa in na wuce sai hira ta tsaya. Fasto ya zo, dattawa suka zo, kowa yana karanta mini aya a kan biyayya. Ba wanda ya tambayi Bitrus abin da ya sa shi, ni kuma tambayar da take hana ni sukuni ke nan. Gonar ce? Dariyar coci ce? Duk na auna, ba su kai su mayar da mutum irinsa haka ba.

Kirsimeti ta wuce, aka yi ruwan farko, sai yayar Bitrus, Yaya Kande, ta aiko daga Kagoro in je. Ta tsufa sosai, ba ta gani da kyau. Na same ta a ƙofar ɗakinta tana ɓare gyaɗa. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta sa na ba ta labarin ranar daga farko, da na zo kan farar rigar sai ta tsayar da hannunta.

"Rifkatu, me Bitrus ya gaya miki a kan ubanmu?"

"Ya ce manomi ne. Ya rasu kafin a yi aurenmu."

"Da tsufa ya yi noma. Ubanmu kukun Turawan reluwe ne, a nan Kafanchan ɗinku. A bayan gidan Bature aka haifi Bitrus."

Na ce mata ban taɓa ji ba. Ta ce ba zan ji ba, don shi ya roƙi dangi kada a faɗa. Ta ce ubansu ya iya girki har Turawa suna aron sa a tsakaninsu in za su yi baƙi. Yana da farar riga da ake sa wa sitaci, in ya kai abinci sai ya ja baya ya tsaya a jikin bango, hannu a baya, har su gama. Yana da furfura, amma Baturen da bai kai ƙaninsa ba yana kiransa boyi. Wata rana Bitrus yana ƙarami ya leƙa ta taga, ya ga matar Baturen ta ɗanɗana miya, ba ta yi mata ba, ta watsa wa uban a ƙirji. Uban ya sunkuya ya ɗauki kwanon ya ba ta haƙuri. Da ya fito ya ga ɗansa a gindin taga, sai ya yi masa murmushi ya ce kada ya gaya wa uwarsa. Yaya Kande ta ce tun daga ranar Bitrus bai sake cin ragowar abincin da uban yake kawowa gida ba, ko da yunwa za ta kashe shi. Gonar da ya sayar kuwa, da ladan wannan aikin uban ya saye ta.

Na zauna a kan turmi ina juya maganar. Na haifa wa Bitrus 'ya'ya, na wanke kayansa, na san tarinsa a cikin taro, amma ban san gidan da aka haife shi ba.

Daga Kagoro ban koma shago ba, gida na wuce. Na tarar da shi a tsakar gida yana wanke rigarsa da kansa, ya rame. Ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da wanki. Na karɓi bokitin daga hannunsa.

"Daga wajen Yaya Kande nake," na ce.

Ya goge hannunsa a jikin wandonsa. Sannan ya ce, "Ta faɗa miki."

"Ta faɗa mini. Me ya sa ba ka faɗa wa ɗanka ba?"

"In ce masa me? Na sayar da gonar mutumin nan don jikansa ya tsere wa rigar, sai ga shi ya je har ƙarshen duniya ya ɗauko ta."

Washegari na sa Ishaya ya zo, da rigar gida. Suka zauna a falo, ni ina bakin ƙofa. Bitrus ya ba shi labarin da bakinsa, a gajarce, idonsa a ƙasa. Da ya gama ya tambaye shi me suke kiransa a can. Ishaya ya ce da sunansa suke kiransa, waɗanda suka zo bayansa kuma suna rusuna masa. Ya ce maigidansa da kansa yake share ƙofar gidan abincin kowace safiya, manyan mutane kuma suna jira a ba su wuri. Bitrus ya saurara har ƙarshe. Bai ce ya yarda ba. Bai ba da haƙuri a kan wuƙar ba, ranar ko bayanta. Abin da ya ce kawai shi ne ɗakin Ishaya yana nan, ruwa yana zuba ta kusurwa ɗaya, ya samo mai gyara.

Haka muka koma gida, mu biyu. Gidan abincin ya girma, ya bar shagon citta ya koma inda kuka san shi yanzu. Ishaya ya auri uwarku, aka haife ku, kakanku ya goya ku ɗaya bayan ɗaya. Shi da ubanku suna hira, suna tafiya coci tare, sun yi gardamar siyasa har na gaji da rabo. Amma kada wani ya ce muku wata rana ya ɗanɗana girkin ɗansa ya yi kuka suka rungumi juna. Ban ga wannan ba. Har Ubangiji ya kira shi bai ci abincin Ishaya ba, bai kuma taka cikin gidan abincin ba.

Abin da yake yi shi ne, da yamma ya sa hularsa ya je ya zauna a bencin mai facin taya da ke tsallaken titi, inda ake hango kicin ta taga. In an tambaye shi sai ya ce iska yake sha. A shekararsa ta ƙarshe, da ƙafa ta fara gaza masa, ni nake raka shi. Wata rana muna zaune, wuri ya cika da mutane, muna hango ubanku yana aiki, na ce masa mu tsallaka mana, ko ruwa ne ya sha.

Ya girgiza kai, idonsa yana kan tagar.

"Yaron ya iya," ya ce. "Hannun ubana ne sak. Amma in na shiga zai kawo mini abinci da kansa, ya ja baya ya tsaya yana jira in ci. Rifkatu, ba zan iya kallon wannan sau biyu ba."

Ban sake roƙonsa ba. Muka zauna a bencin har mai faci ya fara haɗa kayansa, sannan na riƙe masa hannu muka koma gida.